Yadda na gyara matsalar ɓacewar fayilolin ma'aikata a kwamfutar nesa

A ofishinmu ma'aikata kan shiga kwamfutocinsu ne daga nesa, Windows ɗin yana zaune a saba, wato babbar kwamfutar da ke yi wa kowa hidima. Kwatsam 'yan sashen kuɗi suka fara kuka: sun shiga da safe, allo fayau, babu fayilolinsu, Outlook kuma yana neman a saita shi daga farko.

Ba abin da ya ɓace. FSLogix, manhajar da ke kula da mazaunin ma'aikata (wato fayilolinsu da saitunansu), kan adana bayanan kowane mutum a nasa fayil ɗin VHDX, wanda ke aiki kamar faifan ajiya, ya liƙa shi lokacin shiga. Saba ɗaya ta sandare da dare tana riƙe da waɗannan fayiloli, da safe aka tura mutane wata sabar, ta tarar a kulle, ta ba su mazaunin wucin gadi.

A sabar da ke ajiye fayilolin na gano makullan da umarnin Get-SmbOpenFile, na sake su da umarnin Close-SmbOpenFile. Sannan na sa PreventLoginWithTempProfile, saitin FSLogix da ke hana shiga da mazaunin wucin gadi, a kan 1, wato na kunna shi. Gara a hana mutum shiga ya kira ni, da ya yini yana aikin da zai goge da yamma.

Masu rufe taga ba tare da fita ba kuwa, wanda hakan ke barin saba riƙe da fayil ɗinsu, faɗa ba ya kama su. Group Policy, tsarin dokokin Windows, ke fitar da su yanzu bayan awa 2.