Ciyawar inuwa a lambun gidan haya a Ingila

A can gida ciyawa abar nomewa ce. Tsakar gida sai an share ta fes saboda maciji da sauro. To ɗan'uwa, idan ka kama haya a Manchester ko Leeds ka samu gida mai ɗan lambu, ka karanta takardar yarjejeniya da kyau, domin galibi kula da ciyawar yana wuyanka. Kuɗin ajiyar da ka ba mai gida, wanda dokar 2019 ta ce kada ya wuce hayar mako 5 a yawancin gidaje, a ciki za a yanka idan ka bari wurin ya lalace.

Lambunan nan ƙanana ne, katanga ta tare rana ta nan, bishiyar maƙwabci ta tare ta can. Ciyawar da ta fi jure wannan hali ita ce wadda za ka ga an rubuta red fescue a jikin kwalin iri, mai siririn ganye kamar allura. Hasken awa 4 a rana, ko da wanda ke ratsowa ta cikin ganyen bishiya ne, yana riƙe ta. Kada ka ɗauka halinta irin na kiri-kirin da ka sani ne, mai son rana da zafi. Ita sanyi-sanyi take so, tsakanin digiri 15 da 24, shi ya sa take tashi a Afrilu da Mayu, ta sake tashi a Satumba.

Inda na fi ganin mutanenmu suna kuskure shi ne yawan hidima. Hannunmu ya saba: shuka ta yi yaushi, a ƙara mata ruwa da taki. Wannan ciyawa kuwa taki kaɗan take so, kuma ƙasa mai riƙe ruwa ruɓar da saiwarta take yi. In ta yi ja a zafin Yuli, ba mutuwa ta yi ba, kwanciya ta yi, ruwan sama na sauka za ta farfaɗo. Ka dai saurari sanarwar kamfanin ruwa na yankinka, don akan hana ban ruwa da tiyo lokacin fari, kamar yadda aka yi a sassan Ingila a 2022, kuma akwai tara.

Wajen yanka, ka ɗaga wuƙar injin ta bar tsawon santimita 6 zuwa 8. Ciyawar da ke inuwa da ganyenta take kamo ɗan hasken da ta samu, in ka aske ta ƙwal ka raba ta da abincinta, sai gansakuka ta mamaye wurin. Kada ka cire fiye da kashi ɗaya bisa uku na tsawonta a yanka guda.

Gurbin da ya yi sanƙo, Satumba ne lokacin gyara shi: ka karce ƙasar da manjagara, ka barbaɗa iri kamar giram 25 zuwa 35 a kowace murabba'in mita, ka riƙa yayyafa ruwa. Cikin mako biyu za ka ga tsiro. Ba ta jure yawan taku, don haka ƙwallon yara a kai shi filin unguwa.

Daga Oktoba ganyen bishiya zai fara zuba. Ka riƙa kwashe shi duk mako kafin ya jiƙe ya danne ta. Da safiyar hunturu kuma, in ka ga raɓa ta daskare ta yi fari a kanta, kada kowa ya taka sai ta narke, domin ganyen karyewa yake yi, sawun ƙafar ya zauna baƙi har tsawon makonni.