Idan totur ɗin Hilux ya fara maƙalewa

Hilux mai injin fetur 2.7, wanda ake kira 2TR-FE, ba ta da kebul tsakanin ƙafarka da injin. In ka taka totur, sansoci biyu da ke jikin fedar ne ke kai saƙo ga ƙwaƙwalwar mota, ita kuma ta sa wani ɗan injin lantarki da ke bakin injekta, wato mashigar iskar injin, ya buɗe faifan iska. Wasu sansoci biyu a can suna gaya mata iya inda faifan ya buɗe. Shi ya sa in direba ya kawo min ƙorafin totur, tambayata ta farko ita ce: fedar ce ke ƙin dawowa, ko ta dawo amma injin bai daina ihu ba?

In abin ya ritsa da kai a kan titi, danne birki da ƙarfi, kada ka riƙa sakinsa kana sake takawa. Mayar da giya firi, ka gangara gefe, sannan ka kashe. Kada ka zare makulli mota na tafiya, sitiyari zai kulle.

Daga nan durƙusa ka leƙa wajen ƙafar direba. Mutanenmu na son ɗora kafet na roba a kan wanda motar ta zo da shi, ya zame gaba ya kama gindin feda. Kada ka raina wannan: a 2009 da 2010 Toyota ta kira miliyoyin motoci a Amurka a dawo da su saboda kafet da fedar da ke maƙalewa, har da motarta ta ɗaukar kaya mai suna Tundra. Fitar da kafet, da gorar ruwa, da yashin da ya taru. Injin a kashe, danna fedar da hannu ka saki. In ta dawo da sanyin jiki ko tana cijewa a tsakiya, canza ta ake yi, ba a zuba mata mai.

In feda lafiya lau take, a sa wa motar kwamfuta kafin a kwance ko noti ɗaya. A lambobin matsala da kwamfutar ke nunawa, P2111 na nufin faifan ya maƙale a buɗe, P2112 a rufe. P2135 sansocin bakin injekta ne bakinsu bai zo ɗaya ba, P2138 kuma na feda. In ka ga P2118, fara duba fis ɗin da aka rubuta wa ETCS. Sau da yawa motar da kanta take yanke wa ɗan injin wuta in ta ga rikici, sai ta riƙa rarrafe komai takawarka.

Mafi yawan waɗanda ke shigowa garejina, datti ne. Tururin baƙin mai da ke dawowa daga injin ya haɗu da ƙurar hunturu, musamman in iyakilina, wato matatar iska, ta tsufa ko an bar murfinta a sake, sai su zama wani baƙin abu kamar ƙaro a gefen faifan. Kashe mota, cire kan batir na nagatif, sannan ka cire babbar robar iska. Ina roƙonka, kada ka sa yatsa a ciki makulli na kunne, ɗan injin nan yana da ƙarfin da zai datse shi. Fesa maganin wanke bakin injekta a tsumma mai tsabta, ka tura faifan a hankali ka goge gefensa da bayansa da bangon da yake zama. Ban yarda da kankarewa da sukundireba ba, ban kuma yarda a tuttula magani ta wajen sandar faifan ba, don yana gangarawa cikin sansa. Ɗan sukurun da aka ɗaure daga kamfani, bar shi yadda ka gan shi. In ka saki faifan, ya koma mazauninsa da kansa, ba cijewa.

Mayar da komai, kunna makulli ba tare da ta da injin ba, ka sa yaro ya taka totur sannu a hankali kana kallon kwamfuta. Sansa ta farko ta bakin injekta takan tashi daga wajen volt 1 ko ƙasa da haka zuwa wajen volt 4, kuma a jere za ta hau. In lambar na tsalle ko tana ɓacewa, zare soket ka duba ko ruwan wanki ya shiga ya bar kore-kore, ka kuma jijjiga wayoyin kana kallo.

Bayan wanki silo, wato gudun injin in ba a taka totur ba, kan ɗan hau kafin ƙwaƙwalwa ta saba. Bar motar ta yi zafi, AC da fitilu a kashe. In ta yi zafi amma allurar gudun injin ta ƙi sauka ƙasa da 1,000, nemi inda iska ke shiga ta ɓarauniyar hanya: gasket ɗin bakin injekta, ko robar da ke zuwa tukunyar birki.

Sai faifan ya ci gaba da cijewa bayan an wanke shi tas, ko ka ji haƙoran ciki suna ƙaras-ƙaras, nake cewa a sayi wani bakin injekta. In ɗan Kwatano za ka saya, tafi da tsohon a hannu ka gwada lambar jikinsa da yawan fil ɗin soket, ka haɗo da sabon gasket.