Yadda za ka saurari kiɗan post-rock mai nauyi

Post-rock, wato salon kiɗan rock na Turawa da ya fi dogara ga kayan kiɗa fiye da waƙa, ba ya son gaggawa. Ƙungiyar Godspeed You! Black Emperor, wadda aka kafa a Montreal ta ƙasar Kanada a 1994, takan ja kiɗa ɗaya har minti 20 babu mai rerawa, sai jita, gogen Turawa, ganguna da muryoyin da aka naɗo a titi.

Ka ware sa'a guda da dare, bayan gari ya yi tsit. Nemi kundinsu a Bandcamp, shafin intanet na sayar da kiɗa, ka sauke shi a tsarin FLAC, wato fayil ɗin da ba ya rage ingancin sauti, domin ƙaramin MP3 yana cakuɗa sautin kayan kiɗa idan suka taru. Kada ka yi amfani da lasifikar waya, ba ta fitar da amon ƙasa, wato sauti mai kauri, kuma a can nauyin kiɗan yake. Sa abin ji mai rufe kunne gaba ɗaya.

Inda aka fi kuskure shi ne ƙarar sauti. Farkon kiɗan a hankali yake, sai mutum ya ƙure murya, bayan minti goma kuma ganguna su ɓarke masa a kunne. Tsallaka zuwa wurin da ya fi ƙarfi, ka daidaita a can, sannan ka koma farko. Bi kundin a jere yadda aka tsara shi.