Yadda Majinyaci Zai Auna Tayin Hantar Wanda Ya Rasu Bayan Tsayawar Zuciya

Majinyacin da ke jiran dashen hanta a ƙasashe irin su Birtaniya, Amurka, Sifaniya ko Holan yana iya samun kiran waya da tsakar dare, a shaida masa cewa an sami hanta, amma daga jikin wanda ya rasu bayan tsayawar zuciya take, wato irin da likitoci ke taƙaita sunanta da DCD. Ba a ba mutum kwanaki ya yi nazari a irin wannan lokaci, saboda haka ya kamata ka zauna da likitanka ku tattauna batun tun ranar da aka sa sunanka cikin jerin masu jira.

Da farko ka fahimci inda bambancin yake. Idan ƙwaƙwalwar mutum ce ta mutu, na'ura tana ci gaba da hura masa iska, zuciyarsa tana bugawa, jini yana ratsa hantar har zuwa lokacin da za a cire ta. A ɗaya ɓangaren kuwa, bayan iyali da likitoci sun amince cewa magani ba zai ƙara amfani ba, sai a janye na'urar numfashi, bugun jini ya yi ta raguwa har zuciya ta tsaya, sannan a dakata ba tare da an taɓa mamacin ba, minti 5 a Birtaniya, minti 20 a Italiya. Duk tsawon wannan lokaci hantar tana cikin jiki da ɗuminta amma ba ta samun isasshen jini, kuma daga nan yawancin matsalolin suke tasowa.

Saboda haka tambayarka ta farko ita ce: minti nawa hantar ta yi a wannan hali? Cibiyoyi da yawa suna ɗari-ɗari da hantar da ta wuce minti 30, kuma suna son kada zamanta cikin ƙanƙara ya zarce sa'o'i 6 zuwa 8. Ka kuma tambayi shekarun mamacin da yawan kitsen da ke cikin hantar.

Abin da aka fi jin tsoro shi ne lalacewar ƙananan hanyoyin da ruwan matsarmama ke bi a cikin hanta, domin sun fi naman hantar kansa saurin illatuwa idan jini ya yanke. Abin takaicin shi ne aiki yana iya yin kyau, majinyaci ya koma gida yana cin abinci, sai bayan wata biyu ko uku hanyoyin su fara tsukewa a wurare da dama. Wasu ana buɗe musu su da siririn bututu ta baki, sau da yawa a maimaita, wasu kuwa sai an sake yi musu dashe. Akwai kuma haɗarin hantar ta ƙi aiki tun daga ranar farko, wanda bai cika faruwa ba, amma ya fi yawa a irin wannan hanta.

Tambaya ta biyu, wadda a ganina ta fi kowacce nauyi a yau, ita ce ko za a ɗora hantar a kan na'urar zagaya ruwa. A wani gwaji da likitocin Jami'ar Groningen da ke Holan suka jagoranta, wanda aka wallafa a 2021, an ratsa hantar da ruwan sanyi mai ɗauke da iskar oksijin kafin dashe, sai tsukewar hanyoyin matsarmama cikin wata 6 ta tsaya a kashi 6 cikin ɗari, alhali ta kai kashi 18 ga waɗanda aka ajiye hantarsu cikin ƙanƙara kawai. Akwai kuma na'urar OrganOx da aka ƙirƙira a Oxford, wadda ke riƙe hanta da jini mai ɗumin jiki har likita ya ga tana fitar da ruwan matsarmama kafin ya yanke hukunci. A Sifaniya da Faransa an fi amfani da wata dabara ta maido da zagayawar jini ga kayan ciki kaɗai bayan an tabbatar da rasuwa. Ka nemi cibiyar ta faɗa maka wacce take amfani da ita, da sakamakon majinyatanta na shekarun baya-bayan nan.

Bayan haka ka auna wannan haɗari da na ci gaba da jira. Mai ciwon dajin hanta, ko wanda makinsa na MELD, wato ma'aunin tsananin ciwon hanta, bai yi yawan da zai kai shi sahun gaba ba alhali cikinsa yana tara ruwa, yana iya rasa damar dashe gaba ɗaya idan ya ce sai hantar da ba ta da wani aibu. Wanda jikinsa ya yi rauni ƙwarai ko ake sake yi masa dashe kuwa, likitoci sukan guje wa ba shi irin wannan hanta.

Idan an yi aikin, ka sa ido sosai a shekarar farko. Da zarar ka ga idonka ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar shayi, bayan gida ya yi fari, ko ƙaiƙayi da zazzaɓi sun taso, ka kira cibiyar a ranar, kada ka jira ranar da aka ba ka ta komawa asibiti, kuma kada ka rage maganin hana jiki ƙin hantar da kanka.