Babi na Shida: Kallon Gona da Gari Daga Sama

Darasi na 1: Buɗe manhaja

Iyayena da 'yan'uwana, barkanku da isowa wannan babi. Tauraron ɗan'adam na'ura ce da aka harba sama, tana zagaya duniya tana ɗaukar hoton ƙasa. Manhaja kuwa ita ce abin da ake sa wa kwamfuta don ta buɗe mana hotunan. Za mu fara da wadda ake kira Google Earth Pro. Kyauta ce, sai dai tana cin data.

Ku kunna kwamfuta, ku tabbata akwai intanet. Ku ɗora kibiyar linzami a kan alamar manhajar, ku danna sau biyu da sauri. In ba ta buɗe ba, ba laifi, hannu ne bai saba ba, ku sake. A sama ta hannun hagu akwai ɗan farin akwati. Ku danna cikinsa, ku rubuta Dadin Kowa, ku danna maɓallin da aka rubuta wa Enter, sannan ku cire hannu ku jira. Wancan faffaɗan wuri mai duhu ruwan madatsa ne, siririn da ya fito daga cikinsa kuma kogin Gongola. Ƙaramar tayar da ke bayan linzami, in kun murza ta gaba ƙasa za ta matso, in kun murza ta baya za ta yi nisa. Arewa tana sama. In hoton ya karkace, ku danna harafin N, zai miƙe.

Darasi na 2: Kwanan watan hoto

Nan ne kusan kowa yake tuntuɓe, don haka mu bi a hankali. Abin da kuke gani ba yau aka ɗauke shi ba. Hoto ne ajiyayye, kamar na jikin katin zaɓe: ranar da aka ɗauke shi yake nunawa. Wani ya yi watanni, wani ya yi shekaru.

Ku kai ido can ƙasan allo. Akwai ƙananan lambobi, su ne kwanan watan hoton. Ku sa yatsa a kansu. Ba ku gan su ba? Ku murza taya ku matso kusa, za su fito. Ku karanta shekarar da ƙarfi, ku rubuta ta a littafinku. Madalla.

Ku lura, wani lokaci wata ake fara rubutawa kafin rana, irin tsarin Amurka. In haka ne, 3/8/2022 na nufin 8 ga Maris, tsakiyar rani, alhali kai kana zaton 3 ga Agusta ne, tsakiyar damina. Manomi ya san tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun.

Yanzu ku ja hoton gefe kaɗan, ku sake duba kwanan watan. Yana iya canzawa, domin hotuna da yawa aka harhaɗa, na wannan unguwa daban, na waccan daban. Duk lokacin da kuka matsa, ku sake dubawa. Kun matso kusa, ku duba. Kun koma wani ƙauye, ku duba.

Na sha ganin dattijo ya buɗe gonarsa, ya gan ta fayau ba ko kara, hankalinsa ya tashi wai shanu sun cinye masa dawa. Baba, hoton rani ne, dawarka tana nan. Na ga kuma wanda ya ce ba a nuna sabon ɗakinsa ba, manhajar ƙarya take yi. Kafin ka yi ginin aka ɗauki hoton. Abin da ya fi damuna shi ne mai ɗaukar irin wannan hoto ya kai gaban mai unguwa a kan rikicin iyakar gona, bai san shekararsa ba. Haba jama'a! Mutum ya yi jikoki, a ce duba lambobi kaɗan ya gagare shi? Ba wuya ce da shi ba, gaggawa ce kawai. Kada wanda ya kira ni ya nuna mini hoto sai ya fara faɗa mini kwanan watansa.

Aiki: ku nemo wurare 3 da kuka sani, ku rubuta sunan kowanne da kwanan watan hotonsa.

Darasi na 3: Da da yanzu

A jerin alamomin sama akwai ɗan agogo. Ku danna shi, wani layi zai fito mai ɗan maɓalli. In kun ja shi hagu, tsofaffin hotuna za su bayyana. Ku nemo wani kwari cikin garin Gombe inda zaizayar ƙasa take cin gidaje, ku kwatanta faɗinsa a shekaru biyu daban. Alamar rula tana auna tsawo da mita. Ku kwatanta rani da rani, damina da damina, kuma ku rubuta kwanan watan duka biyun.

Darasi na 4: Sabbin hotuna

Mai son hoton kwanan nan ya shiga shafin Copernicus Browser. Hotunan taurarin Sentinel-2 ne na Turai, waɗanda aka harba na farkonsu a 2015, suna dawowa kan wuri ɗaya kusan duk kwana 5. Kowane ɗigo na hoton mita 10 ne a ƙasa, saboda haka za ku ga gona, ba za ku ga akuya ba. A Agusta gajimare yakan rufe ƙasa, lokacin hunturu kuma hazo yakan dusashe hoton. In kun ga shuka ta fito ja, launi aka sauya da gangan don a gane mai lafiya.

Darasi na 5: QGIS

QGIS ma manhaja ce ta kyauta, da ita ma'aikata suke zana taswira a kan hoto. Ku sa wani yaro ya sauke muku ita, ku buɗe ku saba da allonta. Sauran sai a aji.