In sabar waƙoƙinku ta daina ganin sabbin fayil

Jama'a kafin ku goge komai ku sake girkawa, ku fara duba izinin fayil ɗin.

Ni sai da na ɓata kwana biyu ina ta danna sikan (binciko sabbin fayil) a Jellyfin, manhajar da ke tafiyar da sabar waƙoƙina, ashe waƙoƙin na nan daram a folda, sabar ce ba ta da ikon karanta su, don a Linux ita da sunan mai amfani (user) nata daban take gudana, abin da ka kwafo kuma da sunanka yake shiga.

A wurin rubuta umarni (terminal), ku rubuta chmod -R a+rX sai adireshin foldar, don ba kowa izinin karanta fayil ɗin, ku sake sikan. Shi kenan fa.

In sikan na ganin sabbin waƙoƙin amma ba sa fitowa da kansu sai kun danna shi, to wataƙila inotify ne, wato mai sa ido kan foldoji. Yana da iyakar adadin da zai iya lura da su, in album sun yi yawa sai kawai ya yi shiru, ku ƙara lambar fs.inotify.max_user_watches, wato saitin wannan iyakar.

Amma in waƙoƙin a wata na'ura suke ta NFS ko SMB (hanyoyin raba folda tsakanin na'urori), kar ku wahalar da kanku, inotify ba ya ganin canjin da aka yi daga can. Ku saita sikan na kowane dare kawai.