Yadda ake hawa jiragen lilon Cedar Point daga tsoho zuwa sabo

In Allah ya kai ka Sandusky a jihar Ohio ta Amurka, kada ka biye wa masu rugawa wajen jirgin da ya fi tsawo da zarar an buɗe ƙofa. Filin wasan nan na Cedar Point da ke bakin tafkin Erie tun 1870 yake, kuma kowane jirgin lilo da ke cikinsa, wato ɗan jirgin wasa mai hawa da gangara a guje kan layin dogo, ɗan zamaninsa ne. Ni dai na fi son a bi su da shekaru, tsoho kafin sabo, jiki ya riƙa sabawa a hankali.

Fara da Blue Streak na 1964, dattijon cikinsu. Da katako aka gina shi, tsawonsa ƙafa 78. Zauna a kujerar baya. Za ka ji ƙarar sarƙar da ke jan jirgin sama, kas-kas-kas, katakon yana ƙara yana girgiza, in ya gangaro kuma ka ɗan ɗaga daga kujera. Injin ba ya tura shi bayan wannan hawa na farko, nauyinsa kawai ke kai shi har ƙarshe, shi ya sa tudun farko ya fi sauran tsawo.

Sai Corkscrew na 1976 mai kifa mutum sau uku. Manna ƙeya da kujera, in ba haka ba kunnuwanka su sha duka. Gemini na 1978 jirage biyu ne ke tsere kafaɗa da kafaɗa.

A Magnum XL-200 na 1989 nake son ka daɗe. Shi ne na farko a filin da ya haura ƙafa 200, kuma daga ƙololuwarsa ruwa kawai kake hange. A nan hulata ta tafi, na ga tana juyi a iska kamar shirwa. Cire taka tun a layi. Ƙananan tuddan da ke kan hanyar dawowa suna buga cinya da ƙarfen tsaro, don haka ja ɗamarar kujera sosai kafin a tashi.

Ruwa kawai za ka sha yanzu, abinci sai daga baya. Millennium Force na 2000 ƙafa 310 ne, gudunsa mil 93 a awa, kuma da waya mai kauri ake fizgarsa sama maimakon sarƙa, kafin ka gama addu'a kun kai. Amma sumul yake tafiya, jijjigarsa ba ta kai ta dattijon can ba.

Ka ƙare da Steel Vengeance na 2018. Ginshiƙan katakonsa na tsohon Mean Streak ne na 1991, aka shimfiɗa musu layin ƙarfe. Layin jiransa dogo ne, kuma sai ka zuba waya da makullai a akwatin ajiya kafin ka hau.